Yadda Na Koya wa Nalle Sumba Saboda Lorna

Ku matso kusa, masu karatu, domin abin da zan faɗa muku yau ko madubin banɗakina ban yarda ya ji ba. Ni Arvo Lahti, mai shekara saba'in da 'yan kai, mai gwiwa ɗaya ta ƙarfe, so ya kama ni. Ba kuma irin na manya ba, mai tafiya a hankali yana dogara sanda. Irin na yara ne, wanda ke sa mutum ya zuba gishiri a kofi ya shanye yana murmushi, sai can da yamma ya tuna bakinsa ya ji wani abu.

Sunanta Lorna. Ita ke riƙe da gidan marayun karnuka na garinmu, can bayan tsohuwar ma'aikatar katako, inda hanya ke gangarawa bakin tabki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kamar yadda tawa matar ta daɗe. Gajeriya ce, gashinta fari tas, tana soke shi da fensir idan ta rasa abin ɗauri, kuma ban taɓa ganin 'yan kunnenta biyu sun yi kama da juna ba. Yau ɗan kifi a dama, tauraro a hagu. Gobe ganye da ƙararrawa. Na daɗe ina tunanin ko tana da wani akwati cike da marayun 'yan kunne, su ma tana tattara su kamar karnukan.

Da kaka na je gyara mata injin ɗumama ɗaki. Na shiga da akwatin kayan aiki, na fito da kare. A keji na ƙarshe ta nuna mini shi, ƙato, baƙi da ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya zuba wa bango ido kamar alƙalin da aka kawo wa ƙara marar kai.

"Wannan Nalle ne," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ba ya wasa, ba ya murna, sai dai ya zauna ya yi ta tunani."

Na ce, "Ashe ɗan'uwana ne."

Ta yi dariya. To, dariyar nan ce ta ɗauki karen, ba ni ba.

Tun daga nan kullum da safe muna haɗuwa a hanyar bakin tabki, ita da tarin karnuka a igiya, ni da Nalle. Ga inda gizo ke saƙar: da na hango ta, harshena sai ya daskare kamar famfon waje. Don haka da bakin kare nake magana. "Nalle ya ce ina kwana." "Nalle ya ce hular nan ta yi miki kyau." Ita kuma ta sunkuya ta ce masa, "Ka ce wa maigidanka na gode." Haka muka cinye rabin hunturu muna aiken wanda ko kallonmu ba ya yi. Wata safiya ƙanƙarar tabki na ta wannan kukan nata, kamar ana kaɗa doguwar tsarkiya a ƙarƙashin ƙasa, na so in ce mata duk sanda na ji shi ita nake tunawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Nalle ya ce za a yi sanyi."

Da haka za mu ci gaba har bazara, da ban faɗo daga rufin rumbun itace ba. Na hau kwashe dusar ƙanƙara ne, shebur ya tafi gabas, ni na tafi yamma, na nutse da ka cikin tudun dusar da ke ƙasa. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma Waino, maƙwabcina, wanda muka yi aikin jirgin dakon tama tare tun muna samari, kafin ya jawo ni sai da ya ɗauki hoto. Kafin in gama kakkaɓe hulata hoton ya isa birnin Minneapolis, wajen 'yata Karin.

Wayata ta yi ƙara, ga saƙo daga Karin.

"Baba, na ga hoton."

"Wane hoto?"

"Ƙafafunka biyu a sama, sauranka babu."

"Hutawa nake yi."

"Ba wasa nake ba. Na gyara maka ɗaki. Ga asibiti kusa, ba rufin da za ka hau, ba itacen da za ka faskara."

Ɗakin nan na san shi. Can saman bene yake, tagarsa na kallon wata tagar. Kuma masu benen ba sa karɓar karen da ya fi kyanwa girma. Na rubuta mata haka.

"Sai ya koma inda ka ɗauko shi. Baba, in ka faɗi a banɗaki wa zai sani? Kare ne zai kira asibiti?"

Jama'a, har yau ban san abin da ya shiga babban yatsana ba. Ina kallo ya rubuta, "Ina da wadda ke kula da ni." Ina kallo ya danna.

Sai saƙonni kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

"WA?"

"Baba."

"Baba ɗauki waya."

"To shi ke nan. Ina nan zuwa ranar Asabar. In na gan ta da idona, na ƙyale ka da gidanka da karenka. In kuwa tatsuniya ce, da kwalaye zan zo."

Na ajiye wayar a kan tebur a hankali kamar ƙwai. Nalle ya dube ni, na dube shi. Kunnensa na tsaye ma sai da ya kwanta.

Kashegari na tarar da Lorna a bakin tabki fuska ba walwala. Ashe ranar Asabar ɗin ce ake bikin tara gudummawar gidan marayun, wanda ake yi kowace shekara gab da ranar masoya a zauren 'yan kwana-kwana. Abin da ya fi jan jama'a a bikin shi ne rumfar sumba: kare na ciki ya leƙo da kai, kai kuma ka jefa abin da ya sawwaƙa a kwalba, ka miƙa kunci, ya lashe ka, a yi hoto, a yi dariya. To karyar mai kantin magani da ta saba wannan aiki ta haɗiye safa, an yi mata aiki, yanzu tana yawo da mazurarin roba a wuya.

"Ba rumfa, ba allurar 'yan kwikwiyo," in ji Lorna. "Nawa kuwa duk 'yan hayaniya ne, sai su cire wa yaro hanci."

Na ji bakina ya buɗe. "Nalle ya ce shi zai yi."

Ta dubi Nalle. Nalle na duban wata hankaka.

"Arvo, duk zaman da ya yi a hannuna ko cokali ban ga ya lasa ba."

"Ya canja. Zaman gidana ya sake masa hali. Da na ce masa sumba, sai dai ki riƙe shi."

"Da gaske?" Idonta ya yi wani haske, ta kama hannun rigata. Ta kama hannun rigata, jama'a! "To ka fitar da ni kunya."

Baki shi ke yanka wuya, an ce. Nawa bakin cikin mako guda ya yanka sau biyu. Amma a hanyar gida sai na ga abin ba laifi. In Nalle ya ceci rumfar, zan wuni a gefen Lorna, kafaɗa da kafaɗa. Cikin wunin nan ai ba za a rasa ɗan lokacin da zan faɗa mata abin da ke raina ba, kafin Karin ta iso da kwalayenta. Abu ɗaya ya rage, ƙarami: karen bai taɓa lasar ɗan Adam ba.

Da yamma muka shiga ɗakin surace ni da Waino, kamar yadda muka saba. Ya watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya turnuƙe, na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya kusa zamowa daga benci.

"Kai, tsohon banza! Yaushe rabon da wani ya sumbace ka? Yanzu kare ma sai da cin hanci?"

"Ka ba ni shawara ko ka fita daga suracena."

"Naka? Wa ya ɗauko duwatsun?" Ya share ido. "Saurara. Matata marigayiya Elma haka take koya wa nata karen. Ka shafa markaɗen gyaɗa a kunci. Ka taɓa wurin da yatsa, ka faɗi kalmar. In ya lasa, ka yaba masa, ka ba shi ɗan cuku nan take, kada ka tsaya tunanin taurari. Kullum ka rage gyaɗar, har ta ƙare ya zama kalmar kaɗai ta ishe shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ita kuma Lorna, ban san me za ka shafa ba."

Da gari ya waye na aske gemu tas, na shimfiɗa tsohon bargo a ƙasan kicin, na zauna dirshan, gwiwar ƙarfe na ƙara. Na lakato gyaɗa na shafa. Na taɓa kunci. "Nalle, sumba!"

Ya dube ni yadda likita ke duban wanda ya zo da ƙusa a hanci. Ko gezau.

"Sumba, mutumina. Don Allah."

Gyaɗar ta ji ɗumi ta fara gangarowa cikin wuyan rigata. Na yi masa muryar yara, na yi masa muryar kyaftin ɗin jirgi. Har na lashi hannuna a gabansa don ya ga yadda ake yi. Ya tashi ya koma bayan murhu ya kwanta, ya juya mini baya.

Sai da na haɗa da ɗan man kifi mai ƙyafi sannan hancinsa ya fara rawa. Ya taso a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya shinshina. Ya ja baya. Ya dawo. Sai kawai na ji wani abu mai ɗumi, mai faɗin tawul, ya share ni daga haɓa har goshi, ya haɗa da tabarauna ya yi sama da shi.

Na yi ihu. "Yauwa, ɗan albarka!" Na cusa masa cuku, na lalubo tabarau a ƙarƙashin firji, na wanke, muka sake. Ya sake shafe shi. Da na gaji da wanki sai na riƙa cirewa ina ajiyewa a kan kujera kafin mu fara.

Daga nan abu ya miƙe. Safe da rana da yamma muna kan bargo. Gidan duk ƙarnin kifi da ƙamshin gyaɗa, kumatuna sun yi santsi kamar na jariri, har a kanti mai awo ta tambaye ni wane mai nake shafawa. Na rage gyaɗar ta koma kamar ƙwayar wake, ta koma kamar ƙwayar gero. Ranar Juma'a na wanke fuska da sabulu, na zauna ba komai a kuncina. Na taɓa. "Sumba!"

Lap!

Jama'a, na tashi da gwiwa ɗaya ta nama ɗaya ta ƙarfe na kunna rediyo, na rungumi tsintsiya, muka yi rawa daga kicin har falo. Nalle na biye da mu, kuma na rantse na ga wutsiyarsa ta motsa sau ɗaya. Waino ya leƙo ta taga yana tambaya ko ya kira motar asibiti.

Na tura wa Lorna saƙo. "Nalle ya shirya."

Ta maido da hoto biyu, 'yan ƙanana: fuskar kare da jar zuciya.

Na zauna na tasa wayar a gaba. Zuciyar nan ta wa? In ta kare ce, me ya sa ba ta sa ta a gabansa ba? In tawa ce, me ya kawo kare? Na ƙara girman hoton da yatsa biyu ko zan ga wata alama. Miyata ta ƙone a kan wuta ina wannan bincike.

Ranar Asabar na fito da rigar ulu mai gida-gida ja da baƙi, wadda nake ajiyewa don jana'iza da biki. Na goge takalma, na taje abin da ya rage na gashi, na fesa turaren da Karin ta ba ni tun wata kirsimeti. Nalle kuma na ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Muka shiga a-kori-kura kamar ango da babban abokinsa. Sanyin ranar irin mai manne gashin hanci ne.

Zauren kuwa ɗumi kamar cikin tanda. An jera tebura, ga tulin fasti mai zafi, naɗaɗɗen burodin nan namu, nama da dankali na ƙamshi ta cikin ɓawon, ga burodi mai zaƙi, ga tukunyar kofi da ta kai yaro tsawo. Lorna ta yi rumfar da kwalin firji, ta shafe shi da jan fenti, ta yanka taga mai siffar zuciya. Tana sanye da rigar sanyi ruwan hoda, 'yan kunnen ranar kuwa mabuɗi da tsuntsu. Ta ce, "Kai, dubi samari!" Ban san ko da ni take ba, amma na karɓa.

Nalle ya shiga rumfa ya leƙo da kai. Layi ya miƙe har bakin ƙofa. Ta farko wata ma'aikaciyar gidan waya ce, ta jefa gudummawarta, ta sunkuya ta miƙa kunci. Na gyara murya, na taɓa kuncinta da ɗan yatsa.

"Nalle, sumba!"

Ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Sumba, mutumina."

Ya yi hamma.

Na gwada a kuncina. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Na biyu ya zo, na uku ya zo, kare ya yi mursisi. Layi ya fara guna-guni. Waino na can jikin tukunyar kofi ya ɗaga murya, "A ba mai karen ya shiga kwalin, shi a shirye yake!" Zaure ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lorna ba ta yi dariya ba, ta dai dubi kwalbar, ta dube ni, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Ana haka ƙofa ta buɗe, iska ta shigo da Fasto Rautio, dogon mutum wanda ko a ɗaurin aure sai an roƙe shi yake murmushi. Kun san abin da ke samun mai tabarau in ya fito daga irin wannan sanyi ya shiga ɗumi: nan take gilasan suka yi fari fat da tururi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zare tabaraun zai goge.

Sai na ga kwalin firji ya tashi.

Nalle ya fito ta cikin zuciyar, rabin kwalin na rataye a ƙugunsa, ya ratsa layi, ya dafa kafaɗun Fasto da ƙafafu biyu, ya share shi daga haɓa har goshi. Sannan ya sauka ya zauna, ya waiwayo yana jiran cukunsa.

Fasto ya tsaya da tabarau a hannu, gira ɗaya a jiƙe ta miƙe sama. Ya ce, "To. Na gode."

Kafin a gama wannan, shugaban 'yan kwana-kwana ya shigo, ya zare nasa. Lap! Wasu tsofaffi biyu 'yan ƙungiyar mawaƙan coci suka shigo tare, suka zare tare, Nalle ya rasa ta wa zai fara, ya haɗa su a lasa ɗaya. Garinmu kuwa garin tsofaffi ne, kusan kowa da tabarau. Kare ya kafa sansani a bakin ƙofa yana rabon sumba kyauta, ga kwalba can tana hamma.

Lorna ta kama igiyarsa ta jawo shi, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa.

"Arvo, zauna nan. Nuna mini yadda kake yi a gida. Kada ka tsallake komai."

Na zauna a kujera. Na ce, "Ba wani abu. Ina zama haka, sai in..." Hannuna ya tafi da kansa ya zare tabarau. Ban ƙarasa ba na ji ni a ƙasa, ni da kujerar, kare a kan ƙirjina.

"Ka gani?" Yanzu kam ta saki dariyar, har tana dafa tebur. "Kai kana ta ihun kalma, shi kuwa hannunka yake kallo. Ka koya masa sarai, sai dai ba abin da kake tsammani ba. A wajensa, wanda ya cire tabarau ya ce a zo."

Nan da nan ta aika aka ɗauko kwandon tabaran da mutane ke mantawa a coci. Aka ɗaure kwalin da salatif. Duk wanda ya zo ya jefa gudummawa, ya zaɓi tabarau, ya sa, ya cire. Lap! Mutane suka riƙa komawa bayan layi don su sake. Shugaban 'yan kwana-kwana ya zaɓi na mata mai duwatsu. Waino ma ya zo, yana cewa don 'yan kwikwiyo ne kawai. Ni ina miƙa cuku, Lorna na miƙa kwando, gwiwar hannunta na gogar tawa, ina jin kaina kamar balan-balan da aka sake. Sau uku na buɗe baki zan yi maganar, sau uku na tambaye ta ko tana son kofi.

Sai ƙofa ta sake buɗewa. Doguwar rigar sanyi ta birni, jakar hannu, mabuɗin mota a yatsa, gilasai fari fat.

Rabin zauren ya yi ihu, "Kada ki cire!"

Karin ta ce, "Me?" ta cire.

Da aka janye Nalle daga kanta, hularta na ƙasa, jan-bakinta ya koma kusa da kunne. Ta goge fuska da gyalen wuyanta, ta mayar da tabarau, ta nemo ni da ido. Irin kallon uwarta sak.

"Baba, sannu. Na ga karen. Ina take?"

"Kin sha hanya, 'yar nan. Ga fasti da zafinsa."

"Kwalaye na cikin mota. Ina wadda ke kula da kai?"

Lorna na gefena da kwando a hannu. Ta dubi Karin, ta dube ni. Layi ya daina motsi, har Waino ya ajiye kofinsa.

Na ce, "Wato... Nalle ya ce..."

"Nalle ya wuni yana aiki, bakinsa ya gaji," in ji Lorna, a hankali. "Kai me ka ce?"

Na dubi karen. Ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya bar ni da Allahna.

"Ni ne," na ce. Muryata ta fito kamar ƙofar rumbu. "Duk abin da na ce ya ce, ni ne. Maganar hular ma ni ne, shi bai san hula ba. Kuma na faɗa wa 'yata ina da wadda ke kula da ni. Ke nake nufi, Lorna. Ban tambaye ki ba, don in na gan ki ba na iya tambayar ko ƙarfe nawa. Ba na son in tafi benen nan. Ba don tabki ba, ba don gidan ba. Don ba kya can."

Wani a baya ya ce, "Kai!" aka ce masa ya yi shiru.

Lorna ta ajiye kwando. Ta zare fensirin gashinta, ta dube shi, ta mayar.

"Na san kare ba ya lura da hula, Arvo. Na daɗe da sani." Sai ta juya ga Karin. "'Yata, in mai jinya kike nema wa babanki, ba ni ba ce. Na yi jinyar miji ɗaya har kabari, na gama wannan makarantar."

Gabana ya faɗi har cikin takalman da na goge.

"Amma ranar Alhamis ina dafa miyar kifi, tukunyar kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya zo. Shi kaɗai, karen ya zauna gida ya huta. In ya iya hira da ni da nasa bakin har tukunya ta huce, to, sai mu ga ko akwai abin da ya fi jinya." Ta ɗauki kwandonta ta ɗaga murya, "Na gaba!"

Ban san yadda na tuƙo mota zuwa gida ba. Na dai san na wuce kwanarmu sai da Karin ta yi mini hon daga baya.

Ta shigo da kwalayen duk da haka, ta jingine su a bayan ƙofa, a naɗe.

"Wannan ba e ba ce, Baba."

"Ba kuma a'a ba ce."

"Juma'a da safe zan kira. Ita zan kira, ba kai ba. Abin da ta ce shi zai yanke." Ta tsaya tana dubana, bakinta na son yin murmushi tana hana shi. "Kuma rigar nan wari take, kifi-kifi. Kawo in wanke."

Tana kicin tana tara ruwa wayata ta yi ƙara. Lorna. Ba hoton kare, ba zuciya, kalma uku rak.

"Kana cin albasa?"

Masu karatu, ku da kuke nesa ba ku sani ba, amma duk garin nan an sani. Tun ina yaro ba na shiri da albasa. A jirgi, kuku ya taɓa bi na da ludayi saboda ita. In ta shiga bakina idona ya yi ja, in yi ta atishawa har maƙwabta su leƙo. Matata ta yi zaman aure da ni tana dafa tukunya biyu.

Karin ta leƙo ta kafaɗata, hannunta duk kumfa. Ta karanta. Ta ga yatsana ya fara tafiya.

"Baba, kada ka soma. Baba! Faɗa mata gaskiya!"

Na rubuta, "Ina son ta kamar raina."

Na danna.